Zuciya ce ke ɗaga ƙarfe ko jiki?

Bashir: Salamu alaikum 'yan uwa. Maganar da muka faro jiya a wajen atisaye ba ta ƙare ba. Ni ina nan kan bakana: idan ƙarfe ya kai ƙarfe, zuciya ce ke ɗaga shi, ba damtse ba. Wanda ransa bai ɓaci ba, bai ji kamar ya karya sandar ba, ya koma gida kawai. Shi ya sa nake cewa a ƙure kiɗa, a ɗaɗa min duka a baya kafin in kama. Ku dubi Eddie Hall na Ingila a 2016. A rana guda ya ɗaga kilo 465 daga ƙasa, ya dawo ya ɗaga 500, abin da ba a taɓa yi ba kafin shi. Hanci na zubar da jini, yana ajiyewa ya zube. Kilo 35 a yini ɗaya, tsoka ce ta tsiro masa tsakanin azahar da la'asar?

Nura: Wa alaikumus salam. Bashir yana da gaskiya ta wani gefen. Na yi dako a kasuwar Sabon Gari kafin in san akwai wani abu wai shi jim. Za ka ga dattijo siriri, haƙarƙari a waje, a aza masa buhun masara ya hau katako da shi har cikin tirela. A kawo yaro mai ƙirji kamar ƙofa, buhun ya zaunar da shi.

Koci Garba: Nura, shi dattijon nan ka taɓa jin ya yi ihu kafin a aza masa? Ka taɓa ganin an mare shi?

Nura: A'a Baba Koci. Goronsa ma yake tauna.

Koci Garba: To ka ga shaidarka tawa ce, ba ta Bashir ba. Mutumin nan ya san inda buhu ke zama a doron wuya, ya san takun da zai yi, ƙafarsa ta saba da lilon katakon. Shekaru ne suka ba shi wannan. Shi kuma Eddie Hall da ake ta kira mana, nauyin jikinsa kaɗai ya haura kilo 180 a lokacin, kuma ya daɗe yana shirin wannan rana. Na 465 ɗin share fage ne, ba iyakarsa ba ce. Bashir ɗana, kai kilo 70 ne da 'yan kai. Ko duk makaɗan Zazzau za su taru su yi maka kirari, 500 ba za ta motsa ba.

Isiya: Ko da kalangu goma 😂

Bashir: Baba, ban ce zan ɗaga 500 ba. Cewa na yi tsakanin mutum biyu masu ƙarfi ɗaya, mai zuciya ne zai ɗaga.

Koci Garba: Yanzu ka sauko. Jiya ba haka ka ce ba.

Malama Rabi: Ku bari in sa baki, tunda abin ya taɓo karatunmu. Ba duka maganar Bashir ce ta banza ba. Tsoka ba ta aiki sai da umarni daga ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwa ba ta sakin dukkan ƙarfin da ke jiki, tana riƙe wani abu don kare mutum. Shi ya sa sabon shiga yake ƙara ƙarfi sosai a makonnin farko alhali hannunsa bai ƙara kauri ba: jijiyoyinsa ne ke koyon kiran tsoka da yawa a lokaci guda. Tun 1961 wasu masana biyu, Ikai da Steinhaus, suka gwada mutane suna jan abu da hannu, suka ga ƙarfin yana ƙaruwa idan mutum ya yi ihu, ko aka harba bindiga a bayansa bai shirya ba. A 2004 kuma a Cleveland ta Amurka an sa wasu suna atisaye a zuci kawai, suna raya cewa suna tura abu da ɗan ƙaramin yatsa, har mako 12. Ƙarfin yatsan ya ƙaru da kusan kashi 35 cikin ɗari.

Bashir: Allah ya saka da alheri Anti! Baba Koci, ka ji ko?

Malama Rabi: Tsaya ƙanena, ban ƙarasa ba. A wannan gwajin, waɗanda suka yi atisayen na zahiri sun ƙaru da kusan kashi 53. Kuma yatsa ne fa. Da aka koma damtse, masu yi a zuci kashi 13 da rabi suka samu. Zuciya tana buɗe rumbu ne, amma abin da ka zuba a ciki shi za ka ɗebo.

Malam Lawal: Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne kiran abin nan zuciya. Fushi daban, himma daban. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa yayin fushi. Yaro ya koya wa kansa cewa ba ya iya komai sai ransa ya ɓaci, gobe a gida ko a kan titi wa zai kashe masa wutar? Ka yi bisimilla ka kama ƙarfenka.

Bashir: Malam, ai fushin a kan ƙarfe yake ƙarewa. Ina ajiyewa shi ke nan.

Isiya: Ran nan da ka kasa 140 ka yi jifa da bel, saura kaɗan ka fasa wa Nura waya.

Koci Garba: Bari in faɗa muku abin da nake kallo idan yaro zai ɗauki babban nauyi, don ba fuskarsa nake kallo ba. Wanda zai ɗaga, tun daga wajen hoda ake gane shi. Ya shafa a tafin hannu ba gaggawa, ya tako kamar yadda ya saba takowa a kan kilo 60, ƙafar hagu ta fara shiga ƙarƙashin sanda, ta dama ta biyo, sandar ta tsaya daidai tsakiyar ƙafa. Ya kama, ya ja ta kaɗan har sai ka ji ƙarfen ya ce ƙit, ya cika cikinsa da iska har bel ya matse shi, ido a wuri ɗaya. A kansa kalma ɗaya ce, wani "tura ƙasa", wani "ƙirji sama". Wanda zai kasa kuwa sai ka ga ya canza komai: yana kai-kawo, yana gyara bel sau uku, yana leƙa faifan yana sake lissafi, yana duba ko ana ɗaukarsa a waya. Wannan ya riga ya faɗi tun bai taɓa sandar ba. To idan wannan kuke kira zuciya, na yarda. Amma koyonta ake yi kullum a kan ƙaramin nauyi, ba ranar gwaji ake aro ta da mari ba.

Kuma ihun yana da inda yake aiki. A ɗagawa daga ƙasa, da sandar ba ta wuce cinya, ɗan hauka ba ya ɓata abu sosai. Je ka yi shi a fizga irin ta Olamfik, inda sanda ke tashi daga ƙasa zuwa saman kai a motsi ɗaya. Ka ja da wuri ko sandar ta yi gaba da faɗin yatsu biyu, ta tafi. Minti ɗaya ake ba ka da zarar an kira sunanka, dama uku kacal. Naim Süleymanoğlu na Turkiyya ya ɗaga kilo 190 sama da kai a Seoul a 1988 yana ajin kilo 60, ya ci zinare a Olamfik uku a jere. A Sidni a 2000 ya gwada fizgar 145 sau uku, duka ya kasa. Zuciyar ce ta gudu? Shekaru ne suka zo.

Bashir: To Baba, Matthias Steiner na Jamus fa? Matarsa ta rasu a hatsarin mota a 2007. A Beijin a 2008, damarsa ta ƙarshe, ya ce a ƙara kilo 10 a kan abin da ya ɗaga, ya tashi da 258, ya ci zinare da ratar kilo ɗaya, ya hau mumbari riƙe da hotonta. Wannan ma tsayuwar ƙafa ce?

Koci Garba: Wannan kam ba ni da ta cewa. Na sha kallonsa, kuma har yau tsigar jikina tana tashi.

Malama Rabi: Ni ina da ta cewa kaɗan. Steiner muke tunawa saboda ya ɗaga. Waɗanda suka hau da irin wannan ciwon a rai suka kasa, ba wanda ya ajiye bidiyonsu. Ku dubi namu na gida. Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a benci a gasar nakasassu ta Faris a 2024, ta kafa tarihin duniya. A kwance take, kuma doka ta ce sai sandar ta tsaya cik a ƙirji kafin a tura. Nan ba wurin tsalle ko fizge-fizge, sai natsuwa.

Isiya: Tunda an zo nan bari in fasa ƙwan. Wasu yaran zuciyar tasu a kemis suke sayenta. Tiramol biyu, sai ka ga ido ya yi ja, wai sun shiga yanayi.

Nura: Wallahi gaskiya ne. Akwai wani wuri a unguwarmu, ba zan kira suna ba, yaro ya sha ya kwanta benci ba mai tsaya masa. Sandar ta sauko masa a wuya, sai da masu wanki a makwabta suka ji kakari suka shigo. Allah ya sa da sauran kwana.

Malama Rabi: Subhanallah. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ciwo take ɓoyewa, kuma ciwon shi ne ke gaya maka ka ajiye. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ma ta haramta ta a gasa tun farkon 2024. Ko ba ƙwaya, riƙe numfashi a ƙarƙashin babban nauyi yana harba jini sama ƙwarai, an taɓa auna 480 bisa 350 a jikin wani mai tura nauyi da ƙafa. Mai hawan jini ya je a auna shi kafin ya ce zai gwada zuciya.

Bashir: Ni dai kowa ya san ko sigari ba na sha. Kuma har yanzu ban ga wanda ya kayar da ni ba. Anti ta ce ihu yana ƙara ƙarfi, Baba ya ce ba shi da amsar Steiner.

Nura: To a gwada mana. Ranar Asabar Baba Koci ya loda sanda, a rufe faifan da buhu, kada Bashir ya san nawa ne. Sati ɗaya da kiɗa da mari, sati na gaba shiru. Mu ga wanne ya fi.

Malama Rabi: Mutum ɗaya, kwana biyu, ba zai tabbatar da komai ba. Amma zan zo kallo.

Koci Garba: Na yarda, da sharaɗi biyu. Daga ƙasa za a ɗaga, ba benci ba, kuma in na ga bayansa ya lanƙwashe na ce ajiye, ya ajiye. Sannan faifan simintin nan da muka zuba a roba, ba wanda ya san ainihin nauyinsu, 20 ɗin da aka rubuta da gawayi zato ne. Nura, ka aro mana sikeli wajen masu awon hatsi.

Isiya: Marin kuma ni zan yi, kyauta.

Bashir: Kai ban yarda da hannunka ba. Nura zai yi.