Yadda muke ɗaukar hoton abin da ido ya saba da shi

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mutane da yawa suna ganin sai an je hawan Sallah, ko an hau Dutsen Dala, ko an leƙa marinar Ƙofar Mata kafin a samu abin ɗauka. Ni kuwa buta da tabarma da teburin mai shayi sun fi ɗaukar hankalina, domin su ne rayuwarmu, kuma su ne ba a damu a ɗauka ba. Kowa ya faɗi abin da ya gwada da hannunsa.

Bari in fara da mai shayin layinmu. Na daɗe ina ɗaukarsa rana tana bayana, kamar yadda aka saba, hoton yana fitowa lami. Da na koma ɗaya gefen, rana tana bayansa da sassafe, sai tururin ya bayyana fari tas, shayin da yake sheƙawa daga kofi zuwa kofi ya zama ja mai sheƙi. Sharaɗi biyu ne: abin da ke bayan tururin ya zama mai duhu, kamar bakin shago ko inuwar bango, sannan ka taɓa wurin da ya fi haske a fuskar waya ka ja alamar rana da za ta fito a wurin ƙasa kaɗan don rage haske. In ba ka rage ba, wayar za ta yi ƙoƙarin haskaka inuwar, tururin ya ɓace. Haka hayaƙin mai tsire yake yi dab da magariba.

'Yar Zazzau: Wa alaikumus salam. Ni a cikin gida nake, ina sayar da alkaki da nakiya da dubulan, hoto ne kasuwata. Abin da ya canza min komai taga ce. Nakan kashe ƙwan ɗaki, in kashe filashin waya, in ajiye kayan kusa da taga inda rana ba ta bugowa kai tsaye. Dalilin kashe ƙwan shi ne haskensa da na waje ba launinsu ɗaya ba, in suka haɗu sai alkaki ya fito da wani irin kore-kore da ba ya ba da sha'awa. Ɗaya gefen kuma in jingina farin kwali ya mayar da hasken, inuwar ta yi laushi.

Kuma ku fitar da abu daga leda! A faifai ko akushi ya fi kyau nesa ba kusa ba. Abin da yake shimfiɗe ku ɗauke shi daga sama, mai tsayi kamar tulin dubulan daga gefe.

Bakatsine: Hajiya kin yi gaskiya kan taga. Nawa shi ne durƙusawa. Dukkanmu daga tsaye muke kallon duniya, shi ya sa hoton da aka ɗauka daga tsaye ba ya tsayar da kowa. Juya wayar kai ƙasa, idon kyamara ya kusa taɓa ƙasa, ka ɗauki butocin da aka jera a ƙofar masallaci. Ta farko za ta cika hoton, sauran su riƙa ƙanƙancewa har ƙarshen sahu. Da damina, a watan Agusta musamman, bayan an ɗauke ruwa ina neman inda ya kwanta a kan titi. In ka kai wayar dab da ruwan, kududdufin da bai fi faɗin tire ba ma, sai ya ɗauko maka hasumiya da gajimare gaba ɗaya. Sai dai ka jira iska ta lafa.

Ɗan Birni, Damagaram: Barkanku da hira. Ku da ke kukan hazo yana ɓata hoto, ni lokacin hunturu na fi so. Ƙurar tana rufe tarkacen da ke nesa, falwaya da wayoyi da kwanon rufi, sai abin da ke kusa ya tsaya shi kaɗai. Amalanken shanu ko mai keke da buhu, in ka sa su tsakaninka da rana da yamma, siffarsu kawai za ta fito baƙa, ranar kuma fara sol a bayansu, ba ta kashe ido.

Abu na biyu, zanen da ke jikin tsofaffin gidajen Birni. Baƙi suna zuwa da tsakar rana su ɗauka, su tafi da bango kawai. Zanen nan tudu da kwari ne, inuwa ce ke nuna shi. Jira har rana ta karkata, haske ya riƙa shafar bangon daga gefe, za ka ga kowane layi da magini ya ja da hannunsa. Wannan ya shafi duk abin da ke da kaushi: saƙar tabarma, sassaƙen ƙwarya, tafin hannun manomi. Kuma a goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi kafin kowane ɗauka, rabin dusu-dusun da ake ɗora wa waya ƙura ce da maiƙon yatsa.

Ɗan Fagge: Wannan na bango ban taɓa lura da shi ba, Allah ya saka. Akwai wanda ya gwada abin da ke motsi?

Ɗalibi daga Jos: Ni ne, Yaya. Adaidaita sahu nake ɗauka. A shiga sashen Pro na kyamarar, inda mutum ke saita ta da kansa, a sa saurin ɗauka a 1/30, wato kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa, a bi keken da waya yayin da yake wucewa, a danna ba tare da an tsayar da hannu ba. Keken zai fito sarai, kasuwar da ke bayansa ta zama zane-zanen launi. Da yamma ya fi yiwuwa, domin da rana haske yana yin yawa hoton ya ƙone. Akasarin hotunan ba sa fitowa, kada ya karya muku gwiwa. Daga baya nakan ƙara launi sosai a Snapseed, manhajar gyaran hoto.

Bakatsine: Ƙanina, a nan muka rabu. Yanke gefe da daidaita haske na yarda, amma in aka cika launi sai jar ƙasarmu ta koma wata aba da ba mu sani ba. In launin bai yi ba, gara ka mayar da shi baƙi da fari.

Malamin makaranta, Sakkwato: Ina jin daɗin bayananku. Abu ɗaya zan ƙara: duk waɗannan kayan suna da masu su. Mai shayi mutum ne, ba ado ba. Ni nakan yi sallama, in nemi izini, in nuna masa hoton bayan na ɗauka. Mata da yara kuwa, musamman almajirai, ba na sa fuskarsu a intanet. Wannan ma shi ya koya min ɗaukar hannu kaɗai: hannun mai wankin hula yana goga, ga huluna an jera su a rana, ko hannun mai fura tana damu. Kuma ka matsa da ƙafarka maimakon jawowa da yatsa, domin jawowar tana farfasa hoto a yawancin wayoyi.

'Yar Zazzau: Malam, hannun nan zan gwada. Mahaifiyata ba ta yarda a ɗauki fuskarta, amma in na ce hannunta kawai nake so tana murza alkaki a bakin taga, na san za ta amince.