Balan-balan ɗin walima: na roba ko mai ƙyalli?

Uwar Tagwaye: Slm 'yan zaure dan Allah a ba ni shawara. Yarana sun yi sauka, walima ranar Asabar bayan la'asar a tsakar gidanmu nan Gwammaja, ina so in ɗan ƙawata wajen da balan-balan to jiya na shiga Sabon Gari sai kaina ya ɗaure, ga na roba a leda ɗari-ɗari ga kuma mai ƙyallin nan kamar takardar alawa mai siffar lamba da harafi, kuɗinsu ko kusa ba ɗaya ba. Wanne ne zai jure zafin nan?

Anti Mai Kwalliya: Wslm, Allah ya sanya albarka a karatun. Wajen da rumfa ko rana ce kai tsaye? Don na roba shi da rana ba sa ga maciji. Na taɓa ɗaura su kamar bakan gizo a bakin ƙofa a wani suna a Hotoro cikin watan Afrilu, sha ɗaya na gama, wlh kafin azahar baƙaƙe da jajaye da shuɗi suka fara tas tas ɗaya bayan ɗaya, mai jego har ta leƙo ta taga tana tambaya lafiya. Farare da masu ruwan madara ne kaɗai suka kai la'asar, su ma sun dusashe kamar an barbaɗa musu gari. Tun ranar in dai a waje ne kala mai haske nake ɗauka, kuma ba na cika su tam, ina barin su da ɗan taushi yadda in iskar ciki ta ɗau zafi ta kumbura za ta samu wuri.

Uwar Tagwaye: Akwai rumfa Anti, ga darbejiya kuma.

Malamin Kimiyya: To kin tsira Hajiya. Abin da ya sa suka bambanta haka, asalinsu ne ba ɗaya ba. Na roba daga ruwan itace yake, ana tsaga bawon bishiyar a karkace a ɗaura ɗan kofi a ƙasa, ruwa fari kamar nonon tumfafiya ya riƙa ɗiga. Bishiyar 'yar dajin Amazon ce a Barazil amma yanzu Tailan da Indunusiya ne kan gaba wajen nomanta, Kwaddibuwa ma tana yi sosai, mu ma muna da ita a Edo da Delta da Kuros Riba, har cibiyar binciken roba gare mu a Iyanomo kusa da Benin. A masana'anta sai a tsoma wani abu mai siffar ƙwan fitila a cikin ruwan da aka sa wa kala, a busar, a gasa, a zare. Farin garin nan da ke manne wa mutum a leɓe don kar cikin ya liƙe ne ake sa shi, kuma tsohuwar dabara ce, masanin kimiyya Maikal Farade da ya fara haɗa balan-balan na roba a Landan a 1824 don gwajin iskar haidirojin, shi ma gari ya barbaɗa tsakanin fallayen roba biyu.
Shi kuwa mai ƙyalli ba ruwansa da itace, ledar nailan ce siririya aka shafa mata alminiyam irin na tukunya a bayanta, aka liƙe gefe da zafi, wajen ƙarshen shekarun 1970 ya shigo kasuwa. Wasu suna ce masa Mylar, sunan wata ledar kamfanin DuPont ce ya bi shi. Ba ya miƙewa kamar roba shi ya sa in aka matsa masa iska sai ya yage ta ɗinkin.

Anti Mai Kwalliya: Gaskiya Malam, in kun ga 'yar tattara a gefensa ku bar ta haka nan, kar a ce sai ya yi sumul. Sannan in kin sako shi a mota mai esi za ki ga ya yamutse, kar ki ƙara masa iska, yana fita waje zai koma daidai.

Amaryar Ɗorayi: Ni fa masu tashi sama nake so a sa mata, sun fi kyau a hoto

Malamin Kimiyya: Wannan sai da hiliyam, wata iska ce mara nauyi da ke ɗaga shi sama, kuma tsada gare ta don daga rijiyoyin gas ake tace ta a ƙasashe irin su Amurka da Katar da Aljeriya. Ita roba tana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, hiliyam kuma ta fi kusan kowace iska ƙanƙanta sai ta riƙa sulalewa, wanda aka cika da safe kafin dare ya fara saukowa, a zafin Kano ma ba lallai ya kai ba. Mai ƙyalli kam alminiyam ɗin ya toshe hanya, yana yin kwanaki a sama har mako ya wuce.

Hajiyar Gyaɗi-Gyaɗi: Dan girman Allah ku tambayi wace iska ce aka sa kafin ku biya. Mu an sayo mana masu tashi a bakin titi da araha lokacin bikin ƙanwata, ɗan yayata yana riƙe da guda biyar ya gifta ta kusa da kaskon turaren wuta, sai ji muka yi fuu wuta ta tashi lokaci ɗaya, girarsa da gashin gaban kansa duk suka babbake, Allah ne ya kiyaye idon. Ashe haidirojin ce suke haɗawa da kansu da soda da guntayen alminiyam. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Hiliyam ta gaskiya ba ta kama wuta, duk wanda ya ba ki da arahar da ta yi yawa ki bar masa kayansa.

Uwar Tagwaye: Subhanallahi, Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. Kuma mu ma za mu sa turare.

Mai Gyaran Wuta: Ƙari a kan na Hajiya, mai ƙyalli yana ɗaukar lantarki, in ya kuɓuce ya hau tsakanin wayoyi biyu sai tartsatsi, layi guda ya shiga duhu. A ɗaure shi da abu mai nauyi, in an gama a sace iskar, kar a bar yara su sake shi sama.

Nas ɗin Zaure: Ni tsorona guntayen na roba ne in ya fashe. Yaro ya sa a baki yana tsotsa zai yi ɗan ƙwai da shi, numfashi ɗaya ya wuce maƙogwaro ya liƙe, kuma fitar da shi wuya gare shi don bin siffar maƙogwaron yake. A jikin ledar ma za ku ga an rubuta gargaɗi kan yara 'yan ƙasa da shekara 8. A sa babbar yarinya ɗaya aikinta kawai tsince guntaye, awaki ma in suka haɗiya cutar da su yake kamar leda. Akwai kuma masu borin jini da roba, jiki ya yi ta ƙaiƙayi leɓe ya kumbura, su gara mai ƙyalli.

Anti Mai Kwalliya: Sai lemo, in za a raba lemon zaƙi a fere shi nesa, man ɓawon yana cin roba, yaro ya taɓa da hannun da ya ɓare lemo sai tas. Shawarata Maman yara, leda biyu ta na roba fari da ruwan gwal, iskar famfo kawai ba gas, a ɗaura a zare ƙarƙashin rumfa wajen ƙarfe biyu. Mai ƙyalli ki sayi lamba 6 da 0 na izu sittin, su ma da iska ki manna a bango. In an tashi ki zura tsinken shan lemo ta bakin a hankali ki danna iskar ta fita, ki ninke ki ajiye, nawa na yi aiki da su ya fi sau huɗu.

Uwar Tagwaye: Ngd sosai Allah ya bar zumunci, izu sittin ɗin nan ya shiga raina. Anti ko za ki ara min famfonki? Sai in aiko yaro ranar Juma'a bayan masallaci.

Anti Mai Kwalliya: Ki aiko, zan haɗa masa da zaren.