Atisayen ɓuya da saƙon kulle makaranta: iyayen da ke Amurka, me kuka gani da idonku?

Maman Tagwaye, Bronx

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk mai yaro a makarantun ƙasar nan ya faɗa mana abin da ya gani game da atisayen ɓuya da ake yi wa yara, da kuma ranar da saƙon kulle makaranta ya taɓa shigowa wayarsa. Kwanan nan wata maƙwabciyata da ba su daɗe da zuwa daga Kumasi ba ta same ni hankali a tashe. 'Yarta ta ce malama ta kashe fitila, ta tara su a lungu, ta ce kada kowa ya yi ko tari. Uwar ta zaci horo aka yi musu. Da na ce mata koya musu ake yi yadda za su laɓe idan mai bindiga ya shigo, sai ta zauna a ƙasa. A jihar New York doka ce ta wajabta atisayen. Mu da muka daɗe mun saba har ba ma gaya wa baƙi, shi ya sa na kawo maganar.

Malamar ƙananan aji, Columbus

Wa alaikumus salam, Yaya. Ni mataimakiyar malama ce a ajin 'yan shekara biyar zuwa shida, saboda haka da hannuna nake yin abin da kike faɗa. Ana sanarwa ta lasifika, mu murɗa makulli, mu rufe ɗan gilashin ƙofa da takarda, mu kashe fitila. Yara su tattaru a kusurwar da ba a hangowa daga ƙofa. Can sai shugabar makaranta ta bi aji-aji tana jijjiga hannun ƙofa don ta ga ko a kulle yake. Wannan jijjigar ita ce mafi wuya. Duk da na san wace ce a waje, gabana sai ya faɗi, balle yaro.

Ina ajiye alawa mai tsinke a aljihun tebur, domin bakin da ke tsotsa ba ya kuka. Akwai yaro ɗaya a ajinmu mai lalurar da ke hana shi jure duhu da shiru. Da an kashe fitila sai ya fara ihu. Nakan rungume shi ina karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, ina kuma tunanin abin da zai faru da mu duka idan ranar gaske ce.

Yaran da aka kashe a makarantar Sandy Hook, a garin Newtown na jihar Connecticut, ranar 14 ga Disamba 2012, su 20 ne, duk 'yan shekara shida da bakwai, sa'annin waɗanda nake ɗaure wa igiyar takalmi kullum. An kashe manya shida tare da su, har da shugabar makarantar. Bindigogin da saurayin da ya yi harbin ya zo da su na mahaifiyarsa ne, kuma ita ya fara kashewa a gida. Ban ƙi a yi atisaye ba, ƙofar da ke kulle tana ceton rai. Amma a gaya wa iyaye da yara tun kafin a yi. Makarantun da ke yin sa ba zato, wasu har da ƙarar harbi na ƙarya, wallahi cutar da yara suke yi.

Nas ɗin dare, Michigan

Ni kam saƙon ya taɓa shigo mini. Ina barcin rana bayan aikin dare sai waya ta yi ƙara: makarantar ɗana tana kulle, iyaye kada su zo. Ban gama karantawa ba sai ga nasa saƙon, da Hausa, yaron da sai na yi faɗa yake mayar mini da magana da Hausa: "Umma ki yafe mini." Ban san yadda na sa hijabi ba. Na tarar da iyaye cike da titi, 'yan sanda sun tare hanya, wata Baturiya da ban taɓa gani ba ta riƙe hannuna muna kuka tare. Daga baya aka ce barazana ce wani ya rubuta a intanet, ba a sami makami ba. Yaron ya fito lafiya, alhamdu lillahi, amma ya daɗe ba ya iya zama a wurin da bayansa ke kallon ƙofa.

Wannan ya faru ne jim kaɗan bayan harbin makarantar sakandaren Oxford a nan jiharmu, ranar 30 ga Nuwamba 2021, inda ɗalibai huɗu suka rasu. Ku dubi yadda abin ya kasance. Yaron da ya yi harbin shekararsa 15. Uban ya saya masa ƙaramar bindiga kwana huɗu kafin ranar. Da safiyar ranar malama ta ga zanen bindiga da jini a takardarsa, aka kira iyayen, suka zo, amma ba su tafi da shi gida ba, ba su kuma ce akwai bindiga ba. Ashe tana cikin jakarsa. A 2024 kotu ta sami uwar da uban da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke wa kowannensu shekara 10 zuwa 15. Ni na goyi bayan hukuncin.

Tun lokacin ba na barin yarana su je gidan aboki sai na tambayi uwar gidan ko akwai bindiga, kuma ko a kulle take. Da nauyi a baki, mu da muka taso da kawaici, amma ina yi. Hukumar lafiya ta CDC ta nuna cewa a 2020 bindiga ta zarce hatsarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa a Amurka. Mafi yawan waɗannan ba a makaranta suke faruwa ba. A gida ne da unguwa, wasu kuma yaran da kansu suka kashe kansu. Mu a asibiti su muke gani, kuma ba sa shiga labarai.

Direban tirela, Houston

Hajiya, Allah Ya ƙara tsarewa. Ni zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba: ina da bindiga. Kafin na hau mota na yi aikin dare a gidan mai, an taɓa ɗora mini bakin bindiga a goshi saboda kuɗin da bai kai na cefanen mako ba. Wanda bai ɗanɗani wannan ba zai yi saurin cewa a ƙwace ta kowa. Gyara na biyu na tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin na mutum ɗaya ne don kare kansa. A Texas tun Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21 zai iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, in dai ba shi da laifin da ya hana shi.

Sai dai harbin makarantar firamare ta garin Uvalde, a nan Texas, ya tsaya mini a rai. Ranar 24 ga Mayu 2022, aka kashe yara 19 da malamai mata biyu. Jami'an tsaro 376 suka taru a wurin, amma sai da aka shafe minti 77 kafin su shiga ajin, yara na ciki suna buga waya suna neman agaji, iyaye na waje ana riƙe su. Maganar da abokan aikina ke yawan yi, cewa maganin mugu mai bindiga shi ne na kirki mai bindiga, a ranar ba ta yi aiki ba. Kuma yaron da ya yi abin, yana cika shekara 18 ya je shago ya sayi manyan bindigogi biyu bisa doka, a ƙasar da ba za a sayar masa da giya ba sai ya kai 21. Wannan ni ma ban yarda da shi ba. 'Yata ƙarama ta tambaye ni a daren ko ɗan sandan makarantarsu zai shigo idan su ne. Na ce mata zai shigo, don ba ni da wata amsar da za ta sa ta yi barci.

Tawa tana cikin akwatin ƙarfe mai lamba, harsashi a wani wuri daban.

Dattijo, Glasgow

Ɗana direba, na ji ka, kuma Allah Ya kiyaye gaba. Ina ƙasar nan ta Birtaniya lokacin harbin garin Dunblane na Scotland, 13 ga Maris 1996. Mutum ɗaya ya shiga ɗakin motsa jiki na firamare ya kashe yara 16 da malamarsu, da bindigogin da yake da lasisinsu. Na sa hannu a takardar koken da iyaye suka zagaya da ita. Zuwa ƙarshen 1997 majalisa ta haramta kusan duk ƙananan bindigogi a hannun farar hula. Jikokina a nan suke karatu, ba wanda ya taɓa dawowa gida da labarin an jijjiga musu ƙofa. Masu taɓin hankali da yaran da ake tsangwama akwai su a nan kamar ko'ina. Abin da ba su da shi shi ne hanyar samun makamin cikin sauƙi.

Direban tirela, Houston

Baba, gaskiya ne, amma nan ƙiyasin 2017 ya ce bindigogi kusan miliyan 393 ne a hannun jama'a, sun fi mutanen ƙasar yawa. Wa zai tattara su? Ko haramcin manyan bindigogi da suka yi a 1994 ya ƙare a 2004, ba a sabunta ba. Bayan Uvalde abin da majalisa ta iya shi ne dokar da Biden ya sa wa hannu a Yuni 2022, ta ƙara bincike a kan mai saye da bai kai 21 ba. Ni a ganina a fara da abin da zai yiwu: shekaru, bincike, da tilasta kullewa.

Ɗalibin aji 11, Jojiya

Ina neman afuwar iyayena, da asusun babana nake rubutu da izininsa. Bayan harbin makarantar Apalachee a garin Winder a Satumba 2024, inda ɗan shekara 14 ya kashe ɗalibai biyu da malamai biyu, komai ya canza a makarantarmu. Akwai na'urar bincike a ƙofa, layi tun da safe. Duk ajin da na shiga, idona kan nemi taga da abin da za a iya tokare ƙofa da shi. Ba ni kaɗai ba, dukkanmu haka muke, ba ma dai faɗa.

Abin da manya ba su cika sani ba shi ne mu ɗalibai mukan ji magana tun kafin malamai su ji. Akwai wani ɗan ajinmu da ba ya zama da kowa lokacin cin abinci, ana yi masa dariya, sai ya fara saka hotunan makamai a Snapchat da wasu kalamai. Mu da yawa mun gani. Kowa na tsoron a ce shi ne mai kai gulma, ni kuma ƙari a kan haka ina tsoron shiga harkar 'yan sanda, ga ni baƙi, ga ni Musulmi. Na gaya wa Ummata, ta raka ni wurin mai ba ɗalibai shawara. An kira iyayensa, ya ɗan daina zuwa, ya dawo, yanzu mukan gaisa. Ina roƙon iyaye, in yaro ya kawo irin wannan magana kada a ce masa ba ruwanka.

Ɗan Katsina, daga gida

Na karanta duka, jikina ya yi sanyi. Mu a nan 'yan bindiga daga daji suke zuwa. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, na je na ɗauko 'yata daga makarantar kwana da ke wata ƙaramar hukuma, akwatinta a kaina, har yau jeka-ka-dawo take yi. Mahawarar bindiga ma ta iso mu: a Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kai. A lokacin na ji daɗin maganar, don wanda aka kora daga gonarsa ba ya son jin wa'azin haƙuri. Amma abin da Hajiya nas ta faɗa ya sa ni tunani. Namu ɓarayi ne masu neman kuɗin fansa, naku sau da yawa ɗan makarantar ne, makamin kuma daga ɗakin ubansa ya fito. Idan bindiga ta shiga kowane gida a nan, da samarinmu da ƙwaya ta yi wa yawa, ina tsoron abin da za mu gani nan da shekara goma.

Malamar ƙananan aji, Columbus

Ga sababbin zuwa, abin da nake gaya wa iyayen ajina. In saƙon kulle ya zo kada ki kira wayar yaro, ƙararta na iya tona inda suke, ki tura saƙo kawai. Kada a taru a ƙofar makaranta a tare wa motar asibiti hanya. Kowace makaranta tana da wurin da ake haɗa yara da iyaye, a tambaya tun yanzu, a je da katin shaida. Ki tabbata lambar da ke ofis ita ce wadda kike riƙe da ita, ba ta maigida da ke kan hanya ba. In Turanci na ba ki wuya, ki nemi tafinta, haƙƙinki ne.

Direban tirela, Houston

A ƙara da wannan: ofisoshin 'yan sanda da yawa suna raba makullin bindiga kyauta, ba sa tambayar komai. Na san mutanenmu a nan da ke ajiye tasu a ƙarƙashin katifa ko cikin mota, ga yara a gida. Zan yi wa liman magana ya ba ni minti kaɗan bayan Juma'a, zan kuma zo da makullan. Baba na Glasgow, har yanzu ban yarda a ƙwace ba, amma in ka shigo Houston masaukinka na gidana, sai mu ƙarasa.