Dan Allah ina fayil ɗin da aka turo min ta imel yake shiga?

Sabon shiga:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah a taimaka min. Kwanan nan na fara amfani da laftof, da a waya nake komai. An turo min wani fom ta Gmail aka ce in cike in mayar, na gan shi a ƙasan saƙon na danna ya buɗe na karanta shi tas na rufe na kwanta. Da safe babu netwok, na duba ko'ina a kwamfutar ban gan shi ba wallahi kamar ƙasa ta haɗiye shi. Da netwok ya dawo na ga wata 'yar kibiya a jikinsa na danna kusan sau huɗu amma ban ga wani abu ya canza ba. Ina yake zuwa ne? Kuma ya zan yi in rubuta a ciki?

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka ba abin da ya ɓata. Jiya leƙa shi kawai ka yi, Gmail ya nuna maka shi a cikin burauza amma fayil ɗin yana can wajensu bai sauko kwamfutarka ba, shi ya sa da netwok ya ɗauke ka rasa shi. Kibiyar nan mai kallon ƙasa ita ce dawunlod, kuma ina tabbatar maka duk dannawar da ka yi ta yi aiki, shiru kawai take yi. Riƙe maɓallin Windows ka danna E, taga za ta buɗe, ka duba gefen hagu za ka ga Downloads, shiga ciki. Za ka tarar da fom ɗinka guda huɗu a jere, na farko da sunansa zalla sauran an lanƙaya musu lamba 1, 2, 3 a ƙarshen suna. Bar ɗaya ka goge sauran dan kar gobe ka cike wannan ka tura wancan. In Chrome kake amfani da shi, Ctrl da J ma zai nuna maka duk abin da ka sauke.

Sabon shiga:
Allahu akbar, ga su nan su huɗu cif kamar yadda ka faɗa Malam! To amma na buɗe ɗaya a Word ya ƙi rubutuwa, akwai wani layi rawaya a sama.

'Yar ofis:
Wannan Protected View ne yaya, wato ya kulle takardar sai karatu kawai, haka Word yake wa duk abin da ya fito daga intanet. Tunda ka san wanda ya turo kuma dama kana jiran fom ɗin, danna Enable Editing. Amma kafin ka rubuta ko harafi ɗaya je File ka zaɓi Save As ka ajiye shi a Documents da sunan da za ka gane. Ni abin nan ya taɓa ƙona min rai, na buɗe takarda kai tsaye daga cikin saƙo na yi wajen awa biyu ina gyara ina danna Save, ashe a wata folda ta wucin gadi yake ajiyewa, washegari na koma saƙon na buɗe sai ga tsohuwar takarda ko waƙafi bai canza ba, sai da na sake aikin daga farko. Na cikin imel ɗin ba ya canzawa, in ka gama sai ka danna Reply, ka danna alamar kilif ɗin takarda a ƙasa, ka zaɓo wanda ka cike, ka jira ya gama hawa sannan ka tura.

Mai gyaran kwamfuta:
Gaskiyarki 'yar'uwa. Ƙari ɗaya, ka riƙa duba wutsiyar sunan fayil. .pdf na karatu ne, .docx na Word, .xlsx na Excel, .jpg hoto, .zip kuma ƙunshi ne sai ka danna ɓangaren dama na mos ka zaɓi Extract All kafin ka yi aiki da na ciki. Windows yakan ɓoye wutsiyar nan, a View na tagar nan da Windows da E ke buɗewa ake kunna File name extensions. In ka ga .exe daga wanda ba ka sani ba, ko takarda ta ce sai ka danna Enable Content za ta nuna maka rubutu, rufe ta kawai, ta nan bairos yake shigowa. Ko da sunan abokinka saƙon ya zo in ba ka tsammanin fayil daga gare shi kira shi ka tambaya tukuna, ana sace akawun ɗin mutane a yi ta turawa da sunansu. Sannan Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25MB, in ka haɗa da hotuna masu nauyi zai mayar maka da shi link na Google Drive, wato ma'ajiyar fayil ta Google a intanet, kar ka tsorata.

Sabon shiga:
Na gode ƙwarai Allah ya saka muku da alheri. Na cike na tura, har na shiga Sent na buɗe shi na ga rubutuna a ciki. Yanzu bari in je in nemo File name extensions ɗin nan.