Neman shawara: likita ya ce in yi gwajin hanta saboda ciwon da ya yi ajalin mahaifiyata

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 36, ina da 'ya'ya uku. Ciwon kai ne kawai ya kai ni wurin likitan iyali, sai ya tsaya yana tambayata abin da ya yi ajalin iyayena. Na gaya masa mahaifiyata ta rasu bayan doguwar jinyar ciwon shawara da kumburin ciki. Ni na yi jinyarta wata bakwai, kuma dangi sun tafi a kan cewa sammu ne, har yau akwai waɗanda ba ma gaisawa da su saboda wannan magana. Yayana ma irin ciwon ne ya ɗauke shi yana da shekara 41. Likita ya ce in yi gwajin hepatitis B, wata ƙwayar cuta mai kama hanta, ni da maigidana da yara. Wata biyu ke nan ban je ba. Me ya haɗa ciwon kai da hanta?

Wani ma'aikacin jinya: Allah ya jiƙan su. Hajiya, likitanki ya yi daidai, domin uwa da ɗanta su rasu da ciwon hanta ba abin da za a wuce ba ne. Wannan ƙwayar cuta tana wucewa daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ta zauna shekaru ba alama, daga baya ta lalata hanta ko ta jawo sankara. Sai a 2004 rigakafinta ya shiga cikin alluran yara a Najeriya, don haka da wuya a ce an yi miki. Idan ba ki da ita, allura uku ce cikin wata shida.

Wata 'yar'uwa: Ni dai na gaji da gwaje-gwaje. Bara an rubuta wa mijina guda biyar, muka biya da kuɗin makarantar yara, kuma babu wanda ya zauna ya yi mana bayanin sakamakon.

Wata uwa: 'Yata, ki je ke kaɗai tukuna, kada maigida ya ji. Na ga auren da ya mutu a kan wannan takarda.

Ma'aikacin jinya: Mama, da girmamawa, ɓoyewa kuskure ne. Ana ɗaukar cutar ta hanyar kwanciyar aure, kuma idan Hajiya ta sake haihuwa, dole jariri ya sami allura cikin awa 24.

Mai tambaya: Ba sakaci na yi ba. Lafiyata ƙalau, ban taɓa yin ciwon shawara ba, kuma duk haihuwata a asibiti na yi. Da akwai wani abu, ai da sun gani lokacin awon ciki.

Ma'aikacin jinya: Kin ga sakamakon da idonki? Ba kowane wurin awo ne yake yin wannan gwaji ba.

Mai tambaya: Katin awon ya ɓace lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Zan bari sai maigida ya dawo daga tafiya.