Kullum ana cin mu a filin bakwai-bakwai, ina gyaran yake?

Dan_Karantina:
Salam yan uwa. Dan Allah masu buga kwallo ku bani shawara. Mu nan Jidda muna da tim ta samarin unguwa, duk daren Alhamis bayan isha'i muke hada gatta, wato karo-karon kudi, mu kama fili na awa daya, irin mai ciyawar roba din nan, bakwai-bakwai. Wallahi in dai yanka ne da shot muna da yara, amma sati hudu kenan a jere wasu Yamalawa suna cin mu, kuma in daya-daya za a gwada babu wanda ya fi mu a cikinsu. Kowa so yake ya zama lamba tara, wato dan gaba mai cin kwallo, da an kwace kwallo sai in waiga in ga daga ni sai gola a baya, mutum uku sun taho mana. Na yi magana har wani ya yi fushi ya daina zuwa. Ya ake tsara mutum bakwai, kuma ya zan fada musu tim bata watse ba?

Lamba_Shida:
Wslm dan uwa. Mu a Makka 2-3-1 muke bugawa, banda gola: biyu a baya, uku a tsakiya, daya a gaba. Aikin duk yana kan na tsakiyar ukun nan, kada ka ba wanda ya fi iya yanka, ka ba mai hakuri wanda zai karba ya bayar taba biyu kuma bazai rika tsallake rabin fili ba sai da dalili. Na gefe guda biyu in daya ya hau dayan ya dan tsuke ciki. Sannan ku yi doka daya tak, in kwallo ta kubuce wanda ya fi kusa ya bi mai ita ya rage masa gudu, ba sai ya kwace ba, sauran kowa ya koma bayan kwallo da gudu, har dan gaban ya dawo layin tsakiya. Yamalawan nan ina da yakinin abin da suke muku kenan, fasin gajere da komawa tare.

Yaron_Ittihad:
Ni a ganina ku matso sama gaba daya kawai kamar yadda Saudiyya ta yiwa Ajantina a kofin duniya na Katar 2022, kocin Saudiyya Renard ya daga layin baya har aka soke wa Ajantina kwallo uku saboda satar gida, Saudiyya ta ci 2-1.

Tsohon_Gola:
Kanina wannan wasan na mutum sha daya ne da masu daga tuta. A kananan filayen haya yawanci ba a busa satar gida, in suka daga layi mutum daya zai labe kusa da gola a cillo masa doguwa shikenan. Abin dauka a wasan nan shi ne yadda yan bayan suke tafiya tare kamar an daure su da igiya, kuma da baki ake yin hakan. Gola shi yake ganin fili duka, ya rika kiran suna, wane bayanka, wane koma hagu, kada ya yi shiru sai an ci sannan ya fara fada.
Maganar raina baya kuma tana bani takaici. A kofin duniya na 2018 Hausawi uku ne a tawagar Saudiyya, Usama da Umar da Mu'utaz, dukkansu yan baya, Usama ma shi ne kyaftin. Ka fada wa yaranka wannan. Kuma kada ka gyara mutum cikin fili gaban jama'a yana haki, bazai ji ba. Ku hadu kan shayi kafin wasa, ku amince duk minti goma za a yi canji, wanda ya buga gaba ya dawo baya ya dandana. Wanda ya yi fushin nan ka je har gida ka same shi.

Dan_Karantina:
Allah ya saka da alheri Baba, na gode Lamba_Shida. Golan mu yaro ne mai kunya, baya iya daga murya kan yayyensa, to inaga ni zan rike maganar daga baya zuwa ya saba. Gobe bayan Juma'a zan leka gidan su wancan din, Alhamis kuma mu gwada 2-3-1 in sha Allah.