Bututun gilashi na dumama ruwa da rana: wane iri ya fi dacewa da ruwa mai barin dasƙare?

Mai Sabon Gini:
Assalamu alaikum. Ina shirin ɗora na'urar dumama ruwa da hasken rana a kan rufi, irin mai jerin bututun gilashi, sai na tarar iri biyu ne: wadda ruwa ke shiga cikin gilashin, da wadda ke da siririn bututun jan ƙarfe a ciki. Ruwanmu yana barin farin dasƙare a gindin buta. Wacce za ta fi jurewa?

Tsohon Mai Gyaran Famfo:
Wa alaikumus salam, Malam. Gilashin duka biyun ɗaya ne, ninki biyu ne da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu, kamar fulas ɗin shayi, shi ya sa zafin da baƙin shafen ciki ya kama ba ya tserewa. A nau'in farko ruwan zafi yana hawa tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro, ba a buƙatar famfo. Amma da irin ruwanka dasƙaren zai riƙa taruwa a gindin bututun, kuma in ɗaya ya fashe ruwan tankin zai tsiyaye. A na biyun, ɗan ruwan da aka kulle cikin jan ƙarfen ne ke zama tururi, ya kai zafin sama, ya dawo ƙasa, ruwan wankanka bai taɓa gilashin ba. Ni dai shi zan zaɓa, duk da ya fi tsada.

Mai Amfani da Ita:
Na yarda da Baba, sai dai ina da jan kunne. In nau'in farko ne, kada a zuba ruwan sanyi a bututun da ya wuni a rana babu ruwa, domin zafin cikinsa kan haura digiri 200. Na yi wannan gangancin da tsakar rana, bututu biyu suka tarwatse nan take. A cika shi da asuba.

Injiniya:
Ka riƙa duba gindin kowane bututu. Launin azurfa na nufin lafiya lau yake, in ya koma fari fat iska ta shiga, sai a sauya shi. A tabbatar kuma rufin zai ɗauki nauyin, don ruwa lita 200 kilo 200 ne, ban da tankin.

Mai Sabon Gini:
Na gode ƙwarai. Zan fara kiran kafinta ya duba katakon rufin.